Kunnena Bai Ji Ba

Ni a gidanmu da baki aka san ni. Tun ina yarinya uwata, Ma, take cewa idan na fasa kuka a Sirwan, har shanun tsallaken kogi sai sun ɗaga kai. Da can dariya nake yi idan ta faɗa. Bana na daina, da na gane ashe zama aka yi aka shirya mini ƙarya saboda wannan bakin nawa.

Sateshwari aka raɗa mini, amma Satti kowa ke kira. Shekara ashirin da shida ke nan da aka kai ni aure Dehradun, inda nake ɗinkin kayan 'yan makaranta a ɗakin gaba na gidanmu. Babana, Umed Singh, ya ba tamanin baya, kuma tun tsakiyar hunturu ƙirjinsa ya kama. Idan muna waya, kafin ya kai ƙarshen magana ɗaya sai ya tsaya neman numfashi sau biyu. Na so in hau in gan shi tun a lokacin, ya ce a'a, in bari sai ranar buɗe ƙofar haikali, in zo mu tsaya tare mu ga yayana da makulli a hannu. Na yarda, don bana tamu ce.

Gidaje goma sha biyu ne a Sirwan suke hidimar Devi, abar bautarmu. Muddin ƙanƙara ta rufe Himtoli, inda haikalinta yake can bisa dutse, wata shida cur, a ƙauyenmu take zaune. Idan ta narke sai a ɗora ta a karagarta a hau da ita a kafaɗa ta tsohuwar hanya, kwana uku, ana yada zango gari-gari. Kowace shekara gida ɗaya ne ke ɗaukar sandar gaba ta dama, shi ne kuma ke riƙe makulli na uku na ƙofar haikalin. Wancan zagayen, shekara goma sha biyu da suka wuce, mun rasa namu, kuma ni ce sanadi. Ƙanen Baba ne ya faɗi a gona ya mutu, ran da karaga ta tashi, bayan sun yi nisan awa biyu. Sutak, daudar da mutuwa ke sa wa dangi kwana goma sha uku, ba ta kama wanda ke nesa sai ya ji da kunnensa. Manya duk sun san haka, shi ya sa suka tsaya suna kallon juna. Ni kuwa ko tunaninsa ban yi ba. Na kwasa da gudu na bi hanya ina ihu, na cim musu a bakin rafi. Baba ya jiyo ni tun daga nesa. Ya sauke sandar ya miƙa wa Makar Singh, wanda gidansu ke bin namu, ya ciro makullin daga wuyansa ya rataya masa, muka juyo gida tare. Bai taɓa ce mini uffan a kan wannan ba. Amma gidan da ya rasa zagayensa sau biyu a jere cire shi ake yi gaba ɗaya, a ce Devi ce ba ta son su.

Ana gobe karaga za ta tashi, yayana Trilok ya kira ni.

"Bhuli," ya ce. Ba ya ce mini ƙanwa da wannan lallausar muryar sai in akwai abin da yake so. "Kar ki wahalar da kanki ki tsaya Sirwan. Duk tashi za mu yi, gidan ma kulle shi za a yi. Ki wuce Himtoli kai tsaye."

"Baba fa?"

"Ya kafe sai ya hau. Mun samo mai kwando zai goya shi. Ma da matata za su biyo shi a hankali."

"Bhaiji," na ce, wato yaya, "lafiyarku kuwa? Mutumin da numfashi ke gagara a kan gado, shi za ku cusa a kwando ku kai bisa dutse?"

"To ke ki hana shi mana, in kin isa."

"Ba ni shi."

"Yanzu-yanzu ya samu barci."

"Kullum barci! Kwana uku ke nan ina kira ana ce mini barci. Jariri kuka haifa mana a gidan?"

Ya yi 'yar dariya, ya ce shi wayar ma ajiye ta zai yi har a gama, bana ba ya son hayaniya a kunnensa. Na ce ya ga dama ya jefa ta a kogi, ni dai in iske Baba da hula a ka da safa biyu a ƙafa. Abin da ya sa na haɗiye ƙaryar nan ba ruwa shi ne ta yi kama da Baba. Taurin kan da zai sa tsoho ya ce sai an goya shi zuwa Himtoli, a wurinsa na gaje shi.

Bayan kwana biyu na taso, na kwana a hanya, washegari na samu jif mai zuwa ƙarshen kwalta. Wajen ƙarfe tara na safe muka iso gadar Sirwan, direba ya ce shi fa sai ya sha shayi. Muka sauka. Mai shayin baƙo ne, ban san shi ba, bai san ni ba. Na zauna a benci na sha kofi ɗaya, na ci pakora, irin ƙosanmu, biyu masu zafi, ina kallon gidanmu a tsallaken kogi. Daga gadar nan zuwa ƙofarmu, in mutum ya ɗaga ƙafa, minti goma sha biyar ne. Ga rufin, ga itacen goro na bayan gida, tagogin ɗakin sama duk a rufe. Na ce a raina lallai sun kulle. Har tsaki na yi wa direba don ya daɗe, na ce masa wasu muna da tsoho yana jiranmu a sama.

Daga ƙarshen kwalta tafiyar ƙasa ce, awa biyar ga mai gwiwa irin tawa. Himtoli na same ta yadda take kowace shekara ana gobe buɗe ƙofa, kowa na tono gidansa. Wannan na kwashe ƙanƙara daga bakin shago da shebur, wancan na bubbuga kwanon rufi da nauyi ya lanƙwasa. An shanya katifu masu warin danshi a kan kowane dutse. Mai shagon alewa yana tsaye yana zagin dabbar dajin da ta ɓalle masa taga ta shanye gwangwanin man shanu, maƙwabta suna ce masa ai ita ma ta zo ziyara ce, ya ɗauka sadaka ya yi. Alfadarai sai shigowa suke da buhunan furanni. Baƙi daga biranen gangare kuwa, masu takalman roba da leɓɓa shuɗi don sanyi, sun cika kowane lungu suna tambayar inda ake sayar da ruwan zafi.

Da la'asar ganguna suka fara tashi daga bayan tudu. Na bar jakata a ɗakin baƙi na ruga. Karagar ta ɓullo tana rangaji, an lulluɓe ta da jan kyalle, azurfarta na walƙiya, ga yayana a ƙarƙashin sandar gaba ta dama. Ba takalmi a ƙafarsa, kwana uku ke nan, diddigensa sun tsage har jini ya bushe a kai. Makullin na lilo a ƙirjinsa. Ba zan ɓoye ba, na yi alfahari da shi. Na yi kukan murna, na ɗaga murya na kira sunan Devi har mata na kusa da ni suka toshe kunne. Ina cikin haka ina leƙen bayan ayari, ina neman kwando.

Sai da aka sauke karagar a rumfarta na samu na kutsa wurinsa.

"Ina Baba?"

"Kin iso lafiya? Kin ci abinci?"

"Na ce ina Baba?"

"Suna zangon ƙarshe," ya ce, yana kallon ƙafarsa. "Numfashin ya ɗan matsa masa, na ce su huta. Da sassafe za su ƙaraso, kafin a buɗe."

"To bari in sauka wurinsu."

"Yanzu? Duhu zai kama ki a kan santsi ki karye mana a banza. Ki je ki kwanta, Bhuli."

Na ce aƙalla ya bari in wanke masa ƙafa in shafa mai. Ya ce ba a taɓa mai sanda sai an buɗe ƙofa. Ban taɓa jin wannan dokar ba, amma na ce ƙila ni ce na daɗe a birni.

Ƙarfe takwas da kwata masu duban taurari suka sa za a buɗe. Gari na wayewa ina bakin tsohuwar hanya, na ƙudundune a mayafi, da kwalbar shayi a hammata don Baba. Masu kwando suka fara ɓullowa ɗai-ɗai. Wanda aka goya a kwando baya yake kallo, ba ka ganin fuskarsa sai mai goyon ya wuce ka, don haka kowane ɗaya sai na bari ya gifta sannan in zagaya in leƙa ƙarƙashin bargo. Wata tsohuwa ta kaɗe mini hannu ta zage ni da yaren da ban sani ba. Wani tsoho mai gashin baki irin na Baba ya gifta, na kama gefen kwandon har mai goyon ya yi tangaɗi, ashe ba shi ba ne. Na leƙa fuska goma sha huɗu.

Na goma sha biyar, mai goyon ya jingina kwandonsa da dutse yana hutawa, na zuba masa shayin Baba a murfi.

"Ɗan'uwa, a zangon ƙarshe ka baro wani tsoho mai tari, da mata biyu?"

"Wane zango?"

"Na ƙarshe mana, na bakin magangara."

"Didi, ai wannan ba a buɗe shi ba bana. Rufin ya rufta tun cikin sanyi. Ko kare bai kwana a wurin ba."

Wuri ɗaya ne waya ke kamawa a Himtoli, kan wani faffaɗan dutse bayan masaukin alfadarai. Ban san yadda na isa can ba. Mutane sun yi layi, na ture su, wani ya ce ke baiwar nan ba ki ga mutane ba ne, na ce ban gani ba. Wayar Sulochana, matar yayana, a kashe. Ta Ma ta yi ta ringi har ta katse. A karo na huɗu aka ɗauka, ba a yi magana ba. Sai na ji ƙarar da na sani tun ina rarrafe, ƙofar ɗakinmu na sama, wadda ke kuka kamar akuya duk lokacin da aka tura ta.

"Ma, kina gida."

Na ƙara manna wayar a kunne.

"Ma! Kina Sirwan. Ba ku taɓa tashi ba. Ba ni Baba."

"Ki rage murya, Satti. Akwai mutane kusa da ke?"

"Ba ni Baba na ce!"

"Babanki ya cika," ta ce, da murya a kwance kamar mai faɗin farashin gishiri. "Jiya da yamma, rana na shirin faɗuwa."

Na zauna a kan dutsen. Sanyinsa ya ratsa ni, amma kuka bai zo ba, lissafin lokaci ne ya zo.

"Jiya da safe, ƙarfe tara. Da ransa?"

"Da ransa."

"Yana magana?"

"Har shayi ya sha."

"Ma, ina kan gada ƙarfe tara. Ina kallon tagarku. Minti ashirin na yi a zaune ina cin pakora."

"Na gan ki," ta ce. "Ta tsagar taga. Mayafinki kore."

Ko yanzu da nake faɗa, wannan maganar ce na kasa mantawa. Uwar da ta haife ni ta tsaya a bayan taga tana kallona ina hura shayi, mijinta na kwance a bayanta yana jan numfashin da ya rage masa, ba ta turo tagar ba. Hannu ɗaya za ta ɗaga.

"Ki saurare ni," ta ci gaba. "Ni da Sulochana ba mu yi kuka ba. Mun sauke shi daga gado zuwa ƙasa, mun kunna masa fitila, mun rufe ko'ina. Tsofaffin da suka rage a gari ba wanda ya sani. Da kina nan, kafin a rufe masa ido kin tara mana jama'a, kafin dare labari ya hau wurin Makar Singh. Ƙarya na yi?"

"Sai ku hana ni ubana?"

"Yayanki bai ji ba, kuma ba zai ji ba sai an buɗe ƙofa. Saura awa ɗaya. Shekara arba'in da shida ban taɓa roƙon ki komai ba, Satti. Ki riƙe bakinki awa ɗaya."

Na kashe wayar ba sallama.

Filin haikalin ya cika har ba wurin sa ƙafa. An lulluɓe ƙofar da furanni ruwan ɗorawa tun daga sama har ƙasa, makaɗa sun jeru, hayaƙin turare na gauraya da tururin bakin mutane. Na tsaya a cikinsu. Na san abin da ke hannuna. Kalma uku kawai zan faɗa da wannan muryar da suke tsoro, makullin ya bar wuyan yayana, sunan gidanmu ya fita daga cikin goma sha biyu har abada. Na so in faɗa. Ba zan yi wa kaina ado ba, na so ƙwarai, na so in ga fuskarsa lokacin da zai ciro makullin a gaban dubban mutane.

Mu 'yan matan Sirwan da aka aurar waje muna da wurinmu ranar buɗe ƙofa, matakala ta sama ta hagu, da farantan shinkafa da furanni. Mu ne muke fara shiga bayan masu hidima, don Devi ma 'yar gida ce da ta koma ɗakinta. Sauran duk sun hau. Ni na isa gindin matakala na tsaya. Na riga na ji da kunnena, daudar ta kama ni, ƙafata ba za ta taka wurin nan ba. Duk abin da suka yi mini, ita Devi ba ta yi mini komai ba.

Godambari, matar Makar Singh, ita ke jera mata. Idonta ba ya barin komai ya wuce. Ta leƙo daga sama da faranti a hannu.

"Satti! Ke da shekararku, kin tsaya a ƙasa kamar baƙuwa? Hawo mana, ga farantinki."

"Ku ci gaba, Chachi," na ce, yadda muke kiran matan sa'o'in iyayenmu.

Ta sauko matakala uku, ta ƙura mini ido. "Me ya samu fuskarki? Ina Umed Singh? An ce za a goyo shi, ni kuwa tun Sirwan ban ga kwandonsa ba. Uwarki ma ban gan ta ba."

Matan da ke kusa suka zuba mini ido. Can sama, a bakin ƙofa, yayana ya juyo. Ya gan ni a gindin matakala, ya ga ban hau ba, na ga lokacin da ya gane. Leɓensa ya motsa. Kallona kawai yake yi, irin kallon da yake mini muna yara idan ya fasa tulu yana so in ce kyanwa ce.

"Yana gida," na ce wa Godambari. "Ya fasa, sanyi ya yi masa yawa. Ma na tare da shi."

"To ke me ya hana ki hawa?"

Na matsa kusa da kunnenta. "Al'adata ce ta zo mini da asuba."

Ta ja baya ta dube ni sama da ƙasa. "A shekarunki?"

"Ni ma abin ya ba ni mamaki, Chachi."

"Tabɗi! Kin taso tun daga Dehradun don ki tsaya a waje. Wannan rashin sa'a da me ya yi kama?" Ta miƙa farantina ga wata ta koma sama.

Haka na yi musu ƙaryar da bakina, a gindin matakalar Devi. Ba don yayana na yi ba, ba don Ma ba. Na tuna Baba ne a bakin rafin nan yana sauke sanda daga kafaɗarsa ba tare da ya dube ni da fushi ba, na ji ba zan iya karɓe masa ita sau biyu ba. Amma raina bai yi fari ba ko kaɗan. Sun san haka zan yi in an matsa ni a lungu, kuma da wannan ma suka yi shirinsu.

Ganguna suka tsaya. Babban pujari, mai hidimar Devi, ya fito gaban ƙofa, ya juya ga masu makulli ya yi musu tambayar da ake yi kowace shekara. Da ya zo kan yayana sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Trilok Singh ɗan Umed Singh, akwai haihuwa ko mutuwa a gidanku?"

Amsar ma tsohuwa ce, kowa ya haddace ta, ba wanda ke sauraron ta. Ni na saurara.

"Kunnena bai ji ba," yayana ya ce.

Aka yanke zaren hatimi. Makulli na ɗaya, na biyu, sannan nasa. Nasa bai juya ba sai da ya sake gwadawa. Ƙofar ta buɗe, ƙararrawa suka ɗauka gaba ɗaya, aka busa ƙaho, jama'a suka yi ihun da ya sa tsuntsaye tashi daga kan rufi. Mata na kuka, maza na ɗaga yara sama su hango fitilar ciki. Furanni suka yi ta zubo mini a ka daga hannun mutanen da ban sani ba. Daga inda nake tsaye bayan mutane kawai nake gani, ban ga fitila ba, ban ga fuskar Devi ba.

Na koma ɗakin baƙi na ɗauko jakata. Ina zaune a bakin hanyar gangara ina ɗaure igiyar takalmi, sai ga shi yana ɗingishi. An shafa masa ja a goshi, an rataya masa furanni har sun rufe makullin. Ya tsaya nesa da ni kaɗan.

"Bhuli. Akwai labari?"

"Labarin me? Ai kai kunnenka ba ya ji."

"Satti, don girman Devi. Sai wani ya faɗa mini. Ni zan kunna wutar da za a ƙona gawarsa, ba zan iya tashi haka kawai in ce zan sauka ba."

"Au, yanzu kuma bakina ya yi amfani?"

Ya durƙusa a kan ƙanƙara, ƙato da shi, furfura a gemu. "Ba don kaina na yi ba. Kin san abin da makullin nan yake a wurinsa. Da an tambaye shi, da shi ma haka zai ce a yi."

"An tambaye shi?"

Ya kau da kai, na matso kusa da shi.

"To ni ina da tambaya. Ka amsa mini tawa in amsa maka taka. Kwana uku kafin ka tashi kuka daina ba ni shi a waya. Me ya sa?"

Ya daɗe yana murza furen da ke wuyansa. "Ya fara neman ki ne. Ya ce jikinsa ya gaya masa ba zai kai buɗe ƙofa ba, a kira ki ki taho yanzu, kar ki jira."

"Sau nawa ya faɗa?"

"Kullum. Safe da yamma."

"Ku kuma kuka ce masa me?"

"Bhuli, bar wannan."

"Me kuka ce masa, Trilok?" Tun da nake ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba.

"Mun ce mun kira ki," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Kin ce ɗinki ya yi miki yawa, ba za ki samu tasowa ba sai bayan biki."

Wani mai alfadari ya zo wucewa, muka matsa masa. Na jira har ƙarar ƙararrawar dabbobinsa ta yi nisa.

"Shi kuma ya ce me?"

"Ya juya fuskarsa bango. Can sai ya ce, 'Gaskiyarta, lokacin komawa makaranta ne, mutane na jiran kayansu. Kar ku matsa mata.' Daga nan bai sake tambaya ba."

Na miƙe na rataya jakata. Na ce masa, "Jiya da yamma, rana na shirin faɗuwa." A hankali na faɗa, ko wanda ke bayansa bai ji ba.

Ya fasa kuka, irin na wanda aka ba izini. Nan da nan mutane suka kewaye shi, wannan na cire masa furanni, wancan na riƙe masa kafaɗa, ana cewa kai, dubi ikon Devi, ta riƙe ran tsoho har ɗansa ya buɗe mata ƙofa. Na ji Godambari na tambayar wa ya kawo labarin, yaushe kuma ya iso. Ban tsaya jin amsar da za su ba ta ba.

Na kama hanyar gangara ni kaɗai, mahajjatan Devi na ta hawowa suna gaishe ni da sunanta, ina ba su hanya. Makulli ya zauna a gidanmu, nan da shekara goma sha biyu ɗan yayana zai rataya shi. Ma za ta ce in yi haƙuri, zan kuma zauna kusa da ita kwana goma sha ukun nan, don uwata ce. Amma Baba ya tafi yana ba ni uzuri a kan laifin da ban yi ba, kuma duk ƙarfin muryata, babu yadda zan yi ya ji cewa na zo.